Ranar da Kofur Ya Fito daga Sahu

Akwai wani abu da ya faru a gabana lokacin ina aikin ɗan sanda, wanda na san har in koma ga Allah ba zai bar raina ba. Na ga haɗarin mota iri-iri, na ga gobara, na ɗauki gawa ba sau ɗaya ba, kuma yau da gobe ta dusashe mini su. Wannan kuwa ya ƙi dusashewa. Duk ranar da na tuna shi sai in ji tuwo ya fita raina, matata ta dube ni ta ce, to, yau ma an tuno Kofur ke nan.

Ni direba ne. Kusan duk shekarun aikina a bayan sitiyari na yi su, a wani ofishi na ƙasar Zuru da ba zan faɗi sunansa ba, don masu irin halin da zan ba da labari ba a ofishi ɗaya suka taru ba. Direban 'yan sanda kuwa kamar bangon ɗaki yake, kowa na magana a gabansa, ba mai tuna yana da kunne. Saboda haka na ji da yawa, na kuma ga da yawa.

A shekarun nan ne 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan wajen Sakaba. Mu kuwa ba mu da yawa, motar sintiri ɗaya gare mu, tayoyinta duk sun yi sanƙo. Mutum zai fita da safe da niyyar a canje shi da yamma, sai ya wayi gari a shingen bincike, ya sake wayar wani garin, kakin jikinsa har ya fara tsami. In ka nemi hutu sai a ce ka bari abubuwa su lafa. Abubuwan kuwa ba su taɓa lafawa ba, kuma masu cewa a bari su lafa kullum a gidajensu suke cin abincin rana.

A cikinmu akwai wani kofur, ɗan wani ƙauye a gindin duwatsu, Kirista, gajere kakkaura, ba shi da yawan magana. Mafi yawanmu baƙi ne, ni daga wajen Argungu, wasu daga Yawuri, wasu daga Jega, shi kuwa ɗan ƙasa ne. Ya san kowace hanyar daji, ya san wane rafi ke ɗaukar mota in an yi ruwa. Tsofaffin mata in sun zo kawo ƙara ba sa yarda da kowa sai shi, su zauna a benci su yi ta zuba masa da yarensu yana gyaɗa kai. Rikicin gona nawa ya kashe a kan bencin nan ba tare da an rufe kowa ba, Allah kaɗai ya sani. Baba yake kirana, ni kuma in ce masa ƙanena, don in rage wa kaina tsufa.

Ubansa tsohon soja ne, kakansa ma haka. A ƙasar Zuru wannan ba labari ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Kowa kuma ya san kirarin da ake yi musu, wai ɗan Zuru ba ya gudu, ba ya gajiya. Kirari ne mai daɗi a baki, amma ni na ga yadda yake cin mutum da ransa. Duk aikin da kowa ke noƙewa, sai ka ji shugaban ofishinmu, wanda muke kira Oga, ya ce ina ɗan Zurun nan. Rakiyar da ba mai so, ɗan Zuru. Shingen da ya fi haɗari, ɗan Zuru. Shi kuma ya sara ya ɗauki bindigarsa, don a gidansu ba a koya masa cewa a'a ba.

Wata safiya da damina muna dawowa daga wani ƙauye, aka buɗe mana wuta a bakin wata gada. Ban ga kowa ba, ciyawa ta fi mutum tsawo. Na dai duƙar da kai na taka mota, Allah ya fid da mu. Amma harsashi ya sami wani saje da ke zaune a baya kusa da Kofur. Sajen nan abokinsa ne na ƙut da ƙut, ɗaki ɗaya suke a bariki, kwano ɗaya suke ci. Kofur ya rungume shi yana danne masa ciwon da hularsa har muka iso asibiti, amma tun a hanya rai ya yi halinsa, a kan cinyarsa.

Da la'asar ni da shi muka wanke bayan motar. Yana zuba ruwa ina gogawa. Muna cikin haka Oga ya zo ya tsaya daga nesa don kada ruwan ya taɓa masa takalmi. Ya ce Allah ya jiƙan saje, aikin ya gaji haka. Sannan ya tambaye ni ko motar za ta iya fita gobe. Wallahi iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai dubi Kofur ba, bai ce masa sannu ba, bai ce je ka kwanta ba. Washegari da aka raba aiki, sunan Kofur ne na farko, kuma kan hanyar nan dai aka tura mu.

Jiki magayi. Cikin 'yan makonni yaron nan ya canza. Idanunsa suka yi ja, wandonsa ya fara zamewa, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ka ga ya zabura. Da can yakan tsokane ni da cewa goro zai ƙarar mini da haƙora kafin in yi ritaya, sai tsokanar ta ɗauke. Ya daina shiga ɗakinsu na bariki sai in zai canza kaya, don katifar saje tana nan a shimfiɗe, ba wanda ya zo ya naɗe ta. Kowa na gani, kowa ya kau da kai, domin kowa da nasa kayan a ka.

Sai wata ranar kasuwa muna shinge, rana tsaka, babura na ta wucewa da buhunan dawa da awaki. Wani mutum ya taho da matarsa a baya, ta goya jariri. Yana rage gudu sai salansar babur ɗin ta yi wata ƙara, tau, kamar harbi. Kafin in ƙifta ido Kofur ya durƙusa, ya saita bindiga a ƙirjin mutumin. Matar ta ƙwalla ƙara. Na daka masa tsawa, na kira shi har sau uku kafin ya sauke. Mai babur ya wuce yana waiwaye, sauran abokan aikinmu suka mai da abin wasa, wai Kofur ya kusa kama ɗan bindiga mai goyo.

Ni ban yi dariya ba. Na ja shi bayan mota na ba shi ruwa, ruwan na zuba a ƙirjinsa saboda rawar hannu. Na ce, "Ƙanena, mi ya same ka? Hwaɗa mini gaskiya."

Ya ce, "Baba, yatsana yana kan kunamar bindiga. Na fara dannawa. Ban ga mai babur ba, gadar nan na gani."

Ya gaya mini tun ranar bai yi barcin kirki ba, in ya rufe ido sai ya ji nauyin saje a cinyarsa. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba, hannunsa yake tsoro. Abin da yake so kawai a karɓi bindigar nan na wata guda, a zaunar da shi a kantar ofis yana karɓar ƙara, ya je ya ga likita, in ya dawo daidai a mayar masa da kayansa. Ku duba fa, bai ce a ƙara masa girma ba, bai ce a canza masa gari ba. Cewa ya yi a taimake shi kada ya kashe ɗan wani.

Na raka shi wurin Oga na tsaya a bakin ƙofa. Ya sara, ya faɗi buƙatarsa cikin ladabi, yana haɗiye rabin maganar don kunya. Oga ya kwashe da dariya har yana buga tebur. Ya ce yau ya ga abin mamaki, ɗan Zuru na gudun bindiga, ai ko matan garin nan sun fi wasu mazan zuciya. Ya ce ya je ya sha abin da suke sha a ƙauyensu ya yi barci, gobe zai warware. Da haka aka sallame shi.

Ba a jima ba sai labari ya zo cewa wani babban jami'i zai kawo ziyara daga hedikwata, wai don duba walwalar ma'aikata. Kalmar nan ta walwala har yau in na ji ta a rediyo sai na yi tsaki. Saboda walwalarmu aka sa mutanen da suka kwana a shinge yankan ciyawa. Saboda walwalarmu muka shafa wa duwatsun bakin ofishi farar ƙasa, muka tura matattun motocin da ke tsakar gida zuwa bayan katanga. Aka aro kujeru, aka aro tukwanen furanni daga wani gida, aka yanka rago wanda mu ƙamshinsa kawai muka ji.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai wata al'ada a fareti. In babba ya gama jawabi yakan tsaya a gaban sahu ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Amsar kuwa a shirye take tun kafin a haife mu: kowa ya haɗa baki ya ce babu, yallaɓai. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko ɗan sandan da ya kama aiki jiya ya san shi. Mai tambaya ya san amsar, masu amsawa sun san ya sani. Mu har gwajinta aka sa mu yi, sufeto na tambaya muna amsawa, Oga na cewa bai ji da kyau ba a ƙara ƙarfi.

Ranar ziyara tun hantsi muke tsaye, baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi magana mai daɗi. Ya ce ya san muna cikin matsi, ya ce damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi, ba abin kunya ba ce, ya ce ƙofar shugabanni a buɗe take ga kowa. Ina tsaye a sahun baya ina kallon ƙeyar Kofur, na ga yadda ya miƙe wuya yana saurare, sai gabana ya faɗi. Yaron nan ya yarda da maganar. Mu tsofaffin hannu mun san jawabi ne, shi kuwa mai ciwo ne, ya ji an ambaci sunan ciwonsa.

Baƙo ya yi tambayar da aka saba. Muka amsa da ƙarfi yadda aka koya mana. Amsar ba ta gama sauka ba sai muka ji ƙarar takalmi, Kofur ya fito daga sahu, ya ƙame, ya sara.

"Akwai, yallaɓai."

Kowa ya zuba masa ido. Ya faɗi abin da ya faɗa wa Oga, bai ƙara ba bai rage ba, bai kuma ce ya taɓa kai kukansa an yi masa dariya ba. Ko a nan sai da ya rufa wa shugabansa asiri. Baƙo ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yaba da ƙarfin halinsa, ya juya ya ce wa Oga a duba lamarin yaron nan. Oga ya ce an gama, yallaɓai, yana murmushin da bai kai ido ba. Baƙo ya shiga ciki ya ci ragonsa, aka yi hotuna, jiniya ta tashi, suka tafi. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko a waya bai taɓa tambayar yadda aka ƙare ba.

Motocin baƙi ba su kai babban titi ba Oga ya sa aka kira Kofur. Daga waje muna jin muryarsa. Wai ya tsinka shi a gaban manya, wai ya nuna wa duniya ofishinsa ba lafiya. Hukuncin da ya yanke kuwa, ko maƙiyi sai haka: tunda bindiga yake tsoro, bindiga ce za ta warkar da shi. Aka kafe shi a shingen hanyar kasuwa, kullum, babu canji, a daidai wurin da ya kusa harbe mai babur. Abokan aiki suka fara gudunsa kamar mai ƙyanda, kowa na tsoron a gan shi tare da mai ƙorafi. Na ce wa sufeto wanga abu ba daidai ba ne, ya ce in kama sitiyarina in bar abin da ba ruwana.

Kwana kaɗan da fara wannan hukunci, da safe muna isa shinge, Kofur ya zagayo gefena ya miƙo mini wata tsohuwar safa a ɗaure, mai nauyi. Na taɓa na ji harsasai ne. Ya zare su duka daga gidan harsashin bindigarsa, ya mayar da gidan fanko jikin bindiga, yadda mai kallo ba zai gane ba. Ya ce in ajiye masa a ƙarƙashin kujerata, in an tashi zai karɓa ya mayar kafin a shiga ma'ajiyar makamai. Na ce masa ya san inda muke kuwa, in mutanen nan suka fito da rana tsaka sanda ce kawai a hannunsa.

Ya ce, "Na sani, Baba. Gara su kashe ni da in kashe mai goyo."

Na karɓa, kuma ko yau aka maimaita zan karɓa. Haka muka yi ta yi har dawa ta fara fitar da kai. Kullum ina zaune a kan harsasan mutum, ina kallonsa tsaye a tsakiyar titi da bindigar da ba komai a cikinta, yana ɗaga wa masu babura hannu. Duk ƙurar da ta taso daga nesa sai in kafe ta da ido har ta iso. In na tuna cewa wata guda a kan benci ne kawai ya raba yaron nan da wannan hali, sai in ji kamar in tuƙa motar nan in shige da ita ofishin Oga.

Asiri ya tonu wata rana da Oga ya biyo ta shingen. Ya tsaya yana yi wa Kofur faɗa wai ba ya riƙe bindiga kamar namiji, ya fizge ta don ya nuna masa. Yana ɗagawa ya ji ba nauyi. Ya zare gidan harsashi, ya leƙa, ya ga wayam. Nan take ya fara cewa an sayar wa 'yan bindiga, wanda kuwa aka liƙa wa wannan zargi ya gama yawo. Ban jira ba, na ɗauko safar na zazzage ta a kan bonet, na ce ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba, ni na ajiye. Ya dube ni ya ce zai dawo kaina. Ya kuwa dawo, na sha ɗakin horo, amma wannan ba shi ne labarin ba.

Kowa ya zaci za a kai maganar sama. Oga bai kai ba, don in ya kai, za a tambaye shi me ya yi da umarnin a duba lamarin. Sai ya ɓullo da wata dabara da yake ganin ta fi kowace. Ya ce ai ya san maganin 'yan Zuru: ubansa. Tsohon soja in ya ji ɗansa na yawo da bindiga fanko don tsoro, shi da kansa zai gyara masa zama a gaban jama'a. Ni aka tura in ɗauko tsohon, da man da aka ce babu in za a kai mara lafiya asibiti.

Na same shi a gona. Dogo ne, saɓanin ɗansa, ya rame, gashinsa fari fat. Da na faɗa masa ana nemansa a ofis kan maganar ɗansa, ya shiga gida ya sako wata tsohuwar kwat da ta sha guga, ya ɗauko sandarsa. A hanya tambaya biyu kawai ya yi mini, ko yaron ya yi sata, ko ya gudu ya bar 'yan'uwansa. Na ce ko ɗaya, Baba. Ya gyaɗa kai. Ni kuwa zuciyata na ta tafasa, ina ganin ni ne na ɗauko wuƙar da za a yanka yaron da ita.

Oga ya tara mu duka a gindin mangwaro, ya sa aka ba tsoho kujera, tsoho ya ce zai tsaya. Kofur na gefe a ƙame, kansa a sunkuye. Oga ya yi ta zuba, yana kiran tsohon da Baba soja, yana yabon jarumtar mutanen ƙasar nan, sannan ya zo kan yadda ɗansa ya zubar musu da mutunci. Ya ƙare da cewa ya bar shi da ubansa, ya faɗa masa abin da ake faɗa wa matsoraci a gidan soja.

Tsoho ya juya ya yi wa ɗansa magana da yarensu, a hankali. Kofur ya amsa. Tsoho ya sake tambaya, Kofur ya sake amsawa, wannan karon da tsawo, muryarsa na karyewa. Ba mu ji me suka ce ba. Da suka gama, tsoho ya jingina sandarsa da kujera, ya miƙa hannayensa biyu a gaban Oga. Rawa suke yi, rawa sosai, irin wadda na gani a bayan mota ranar kasuwa.

Ya ce, "Yallaɓai, ka ga wannan? Ba tsufa ba ne. Da shi na dawo daga yaƙi, yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba. Uwarsa ta san sau nawa na tashi na shaƙe ta ina zaton abokin gaba ne. Ni ban faɗa wa kowa ba, don an ce mu ba mu tsoro. Shi ya faɗa. Ya fi ni."

Oga ya buɗe baki, tsoho ya ɗaga masa hannu. Ya taka zuwa wurin ɗansa, ya cire masa hula da kansa, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a kan kujerar da aka ba shi.

"Lafiyayye na ba ku shi. Zan tafi da abin da kuka rage mini."

Oga ya shiga barazana, wai in ya fita ƙofar nan za a ɗauke shi a wanda ya gudu daga aiki, shekarunsa duk sun tafi a banza, ba sallama ba komai. Tsoho ya ce a ɗauke shi a duk abin da aka ga dama. Kofur ya tsaya yana kallon hular, na ga kamar zai miƙa hannu, sai ubansa ya kama shi a wuyan hannu kamar yaron da aka ɗauko daga makaranta. Na ce bari in kai su gida, Oga ya ce motar hukuma ba ta ɗaukar farar hula. Motar da ta ɗauko tsohon ɗazun nan. A ƙafa suka fita, muna tsaye muna kallo, suka tari babur a bakin titi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Tsofaffin matan nan suka riƙa zuwa suna leƙa kanta, in ba su gan shi ba su juya da ƙararsu. Sau biyu na kafe a rafi don ba mai ce mini kada in bi nan. Kafin shekara ta zagayo wasu ma sun ajiye aiki, wani ya koma achaɓa, wani ya tafi gadin kamfani a kudu, kuma duk masu hankalin cikinmu ne, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ba sai an ce ka nemi ruwa ba. Oga kuwa girma aka ƙara masa. A walimar sallamarsa ya tashi ya ce matsalar aikin nan ita ce yaran yanzu ba su da juriya. Aka tafa masa. Ni na ajiye kwalbar lemona na fita, don in na zauna zan faɗi abin da zai ci mini fansho.

Bayan na yi ritaya na je ƙauyen na gaishe su, lokacin kaka. Tsoho ya riga ya rasu. Na tarar da Kofur a masussuka, ya yi ƙiba, ya yi aure, har da 'ya'ya. Ya ce wani likita a asibitin mishan ya taimake shi, yanzu yana barci, sai dai jefi-jefi. Muka zauna a inuwa ya yi ta tambayata, ina motar nan, an canza mata taya kuwa, wane ne ke kanta yanzu, rikicin gonar su wane ya ƙare ko yana nan. Na yi mamakin yadda bai manta komai ba. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, sannan ya ce, "Baba, ni fa ina son aikin nan."

Duk hanyar komawa gida maganar nan na ci mini rai. Da ya tsani aikin ne da na ce an rabu lafiya. Amma mutum ne da ke son kakinsa, ya roƙi ɗan hutu don ya ci gaba da sa shi, aka gwammace a rasa shi gaba ɗaya da a ce an ji kukansa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya fi kowa jurewa shi ya fi buƙatar a duba shi, domin shi ba ya kuka sai tura ta kai bango. In irin wannan mutum ya buɗe baki ya ce ya gaji, a yarda da shi tun a karon farko, kada a tsaya yi masa kirari. Yanzu ina da 'yar motar haya da yara biyu masu tuƙa mini. Duk wanda ya zo ya ce mini Baba yau ba na jin kaina, karɓar makulli nake yi in ce ya je ya kwanta, ko da kuwa ranar kasuwa ce.